Inci Ɗaya, Ƙafa Shida: Tarihin Jirgin Yaƙi na Cikin Kwali

Akwai wani irin jirgin yaƙi da ake sayarwa a kwali, gunduwa-gunduwa, na roba, mai saye ya zauna ya haɗa shi da gam, ya shafa masa fenti, ya liƙa masa tambura. A kusurwar yawancin kwalayen za ka ga an rubuta 1:72. Abin nufi shi ne, sai ka jera 72 irinsa, hanci bin wutsiya, kafin su kamo tsawon jirgin gaske. Spitfire na Ingila, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, a wannan awo bai kai santimita 16 ba, tafin hannu ya ishe shi masauki. Na daɗe ina haɗa waɗannan jirage, kuma da tafiya ta yi nisa sai sana'ar yin su ta fi jiragen kansu ɗaukar hankalina. Kamfanoni sun tashi sun faɗi, an sayar da su an sake saye, amma abu biyu sun ƙi mutuwa: awon nan, da kuma ƙarfen da ake zuba robar a ciki.

Awon ya girmi robar. A 1932 wani matashi ɗan Ingila, James Hay Stevens, ya tsara jerin ƙananan jirage da aka sayar da sunan Skybirds. Katako ne da waya da 'yan guntayen ƙarfe, mai saye zai fere, ya goge, ya haɗa. Dalilin zaɓen 72 kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mutanen Ingila da inci da ƙafa suke awo, ƙafa ɗaya inci 12 ce, ƙafa shida kuma inci 72. Ke nan mutum mai tsayin ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif. Kuma da yake duk jiragen a kan awo guda suke, yaro zai iya ajiye mai jefa bam kusa da ƙaramin jirgin farauta ya ga bambancin girmansu da idonsa, abin da hoton jarida ba ya nunawa.

Roba ta shigo a 1936, lokacin da kamfanin da ke yin jiragen wasa masu suna FROG a Landan ya fitar da jerin Penguin a kan awon Stevens. Su ake ɗauka a matsayin jiragen haɗi na roba na farko a duniya. Sai dai robar wancan zamani, asitet, ba ta da alƙawari. In ta kwana biyu sai fiffike ya lanƙwashe, gangar jiki ta karkace, ga kuma tsada. Abin wasan 'ya'yan masu hali ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da abin daga ɗakin yara ya kai shi barikin soja. Ranar 6 ga Satumba 1939, kwana uku da shigar Birtaniya yaƙi, matuƙan Spitfire suka kakkaɓo jiragen Hurricane biyu a gabashin Landan, suna zaton na Jamus ne. Nasu ne, kuma matuƙi ɗaya ya rasa ransa. Jiragen farko da Spitfire ya taɓa harbowa ke nan. Mai bindigar kakkaɓo jirgi da mai tsaron sama ba su da lokacin buɗe littafi; ɗigo ne baƙi a cikin gajimare, cikin daƙiƙa kaɗan sai sun yanke ko aboki ne ko maƙiyi. Hanyar koyarwa mafi sauƙi ita ce a rataye ƙaramin jirgi da zare a rufin aji, a juya shi ta kowace fuska, har siffarsa ta zauna a kai. A farkon 1942, bayan harin Pearl Harbor, rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa mata irin waɗannan jirage 500,000 da katako, duk a kan 1:72, duk da baƙin fenti, don siffa ake so a gane, ba launi ba. Lissafin ya zauna daidai: jirgin da aka rataye a nisan ƙafa 35 yana kama da na gaske a nisan kusan rabin mil. Da buƙata ta fi ƙarfin wuƙar yara, masana'antu irin su Cruver na Chicago suka shiga zuba su da roba. Kafin a gama yaƙi an sami zuriya guda ta samari da suka san jirgi da inuwarsa, aka kuma sami masana'antu da suka iya zubi.

Mu ma jiragen wannan yaƙin sun ratsa ta kanmu, kuma abin mamaki su ma a akwati suka iso. Daga Satumba 1940, da Bahar Rum ta yi wuyar bi, Birtaniya ta riƙa lodo Hurricane da Blenheim a jiragen ruwa, a wargaje cikin manyan akwatunan katako, zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yau. A can ake haɗa su, a ɗaura fukafukai da farfela, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena, su ratsa Darfur zuwa Khartoum, su gangara Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Duk sanda na buɗe kwalin Hurricane sai na tuna cewa kakanninmu a Kano sun ɗaga kai sun ga na gaskensa yana sauka shan mai.

Wanda ya mai da abin sana'ar talaka bai taɓa nufin yin jirgi ba. Nicholas Kove, ɗan ƙasar Hangari, ya kafa Airfix a Landan a 1939 yana yin kayan wasan roba da ake hura wa iska. Bayan yaƙi ya koma zuba matajin kai, ya yi kasuwa sosai. A 1949 aka ba shi kwangilar yin ƙaramar taraktar Ferguson don dillalai su riƙa nuna wa manoma. Da farko a masana'anta ake haɗa ta, sai aka ga kuɗin ƙwadago na cinye riba. Shi ne aka ce, to me zai hana a sayar da ita a wargaje, a saka takardar bayani, mai saye ya ƙarasa aikin? Asalin shigar Airfix wannan sana'a ke nan in an bi ta ƙasa: dabarar rage kuɗin lebura. Abin da babu wanda ya hango shi ne, ƙarasa aikin nan shi ne daɗin da mutane za su biya kuɗi su saya.

A farkon shekarun 1950 kantunan Woolworths suka nemi Airfix ya yi musu ƙaramin jirgin ruwan Golden Hind, da sharaɗin kada farashi ya wuce sule biyu. Kwali ba zai shiga wannan kuɗi ba, sai aka zuba gutsattsarin a leda, aka manna takarda mai hoto a bakinta. Ba da jimawa ba Spitfire ya biyo baya a irin wannan leda, a kan 1:72. An kuma bar asitet an koma folistirin, roba mai arha wadda ba ta karkacewa. Daga nan yaron Ingila ya sami al'adar Asabar: a ba shi kuɗin kashewa da safe, ya ruga kanti, kafin magariba jirgi ya haɗu, gam ya ɓata yatsu da gilashin matuƙi, an rataye shi da zare a saman gado. A tsakiyar shekarun 1970 Airfix na sayar da wajen miliyan 20 a shekara.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ƙarfen zubi, don shi ne jarin sana'ar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwa ya san tsarin: a yi gurbi mai ɓari biyu, a kwarara narkakken abu, a bari ya huce, a buɗe. Bambancin shi ne, gurbin mai tukwane na ƙasa ne, ana farfasa shi a sake, wannan kuwa tubalan baƙin ƙarfe ne biyu masu nauyin gaske da aka sassaƙe siffar kowane gutsure a jikinsu. Inji na narka ƙwayoyin roba, ya tura su da ƙarfi ta 'yan magudanai har kowane lungu ya cika, cikin ƙasa da minti ɗaya a buɗe, firam ya faɗo da fiffike da taya da kujera duk a maƙale. Robar da ke cikin kwali ba ta da wani kuɗi. Sassaƙa ƙarfen ne ke cin dukiya da watanni, amma in an yi shi sau ɗaya zai yi shekara hamsin yana haihuwa. Wannan lissafi shi ke yanke wane jirgi za a yi da wanda za a bari. Ba a sassaƙa wa jirgi ƙarfe sai an tabbata dubun dubatar mutane za su saya. Shi ya sa Spitfire da Mustang da Messerschmitt 109 da Zero suke da ɗaruruwan kwalaye, jiragen dakon kaya da na koyon tuƙi kuwa, waɗanda ba a cin yaƙi sai da su, sai an tona.

Gam ɗin da ake haɗawa da shi ma ba gam ba ne irin wanda muka sani. Ruwa ne da ke narka fuskar robar. Ka haɗa ɓari biyu na gangar jirgi a bushe, ka riƙe, ka taɓa bakin siririn buroshi a layin da suka haɗu, sai ka ga ruwan ya bi tsagar da kansa yana gudu. Ka ɗan matsa, narkakkiyar roba ta tsattsafo kamar zare a tsawon layin. Ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi ka bar shi ya kwana. Da safe ka kankare zaren da gefen reza, ka bi da samfefa mai laushi, layin ya ɓace kamar ba a taɓa raba jikin ba. Kafin rufewa kuwa dole an gama fentin mazaunin matuƙi, an kuma cusa ɗan darma a hanci in jirgin mai taya a gaba ne, in ba haka ba zai zauna a kan wutsiya. Tambura a takarda suke zuwa. A yanko ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumi, a jira ya saki, a zame shi da jiƙaƙƙen buroshi zuwa kan fiffike, a danne da auduga har ya kwanta cikin kowane layi. A ƙasarmu akwai ƙarin darasin da takardar bayani ba ta faɗa: da hunturu, in ka shafa fenti ka bar jirgi a buɗe, ƙura za ta yi masa gashi, don haka sai an kifa masa roba ko kwali, da bazara kuma fentin kan fara bushewa tun yana kan buroshi.

A Amurka ma abin ya bunƙasa a shekarun 1950, a hannun Revell da Monogram da Aurora da Lindberg. Su da farko ba su damu da awo guda ba, girman kwalin da zai shiga kanta shi ke yanke girman jirgi, kafin daga baya 1:48 ya zama nasu. Zamanin yaƙin cacar baka ne, jiragen Tarayyar Sobiyet sirri ne, amma yara na son su. Aurora ya sayar da wani jirgi da ya kira MiG-19 wanda babu irinsa a sararin Allah, daga jita-jitar mujallu aka zana shi. Tarihi ya maimaita kansa a 1986, lokacin da ake raɗe-raɗin Amurka na da jirgin da na'urar hangen jirage ba ta gani. Kamfanin Testors ya fitar da F-19, sumul, mai lanƙwasa, ya sayar da ɗaruruwan dubbai, har maganar ta kai majalisar dokoki ana tambayar yadda sirrin ƙasa ya isa kantin kayan wasa. Da aka bayyana F-117 na gaske a Nuwamba 1988, sai ga shi duk kusurwoyi, ba su ko yi kama ba.

Hoton saman kwali shi ne ɗan kasuwar. Daga 1964, tsawon shekara goma, Roy Cross ya zana wa Airfix ɗaruruwan hotuna: jirgi na karkata, bindiga na aman wuta, na maƙiyi na faɗowa da hayaƙi. Yaro hoton yake saye, robar ciki toka-toka ce kawai. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ra'ayi ya juya a Turai game da tallata wa yara yaƙi, aka bi tsoffin hotuna ana goge wuta da fashewar bam, daga baya ma aka koma saka hoton jirgin robar da aka haɗa. Dokar Jamus ta hana nuna alamar 'yan Nazi, don haka har yau kwalaye da yawa na jiragen Jamus ba su da ita, wasu kuma sukan raba ta gida biyu a takardar tambura, wanda ya ga dama ya haɗa. Ni ina ganin wannan taka-tsantsan ɗin da hujjarsa. Jirgin nan da ke kan tebur kyakkyawa ne, amma na gaskensa gari ya ƙona, kuma mai haɗawa da bai karanta wannan ɓangaren ba rabin aikin ya yi.

Labarin da ya fi nuna tsawon ran ƙarfen zubi shi ne na FROG. Kamfanin ya durƙushe a 1976, aka sayar da mafi yawan ƙarafansa ga Tarayyar Sobiyet, a kan za a riƙa zubawa a can ana dawo da kaya Yamma da sunan Novo. Sobiyet suka ce ba sa karɓar jiragen Jamus na Hitler da ƙawayenta, waɗannan sai Revell ya kwashe. Sauran suka bazu a masana'antu irin na Donetsk, yaran Rasha da Yukren suka tashi suna haɗa jiragen Ingila, sau da yawa ba tare da an rubuta sunan jirgin a kwali ba. Faɗuwar wani tashin wani. Tarayyar Sobiyet ta ruguje, amma wasu daga cikin ƙarafan na nan suna aiki, kuma mai ido zai gane su: layukan sun dushe, roba na tsattsafowa ta gefe saboda bakin ƙarfen ya cinye.

Ana cikin haka Japan ta shigo ta ɗaga ma'auni. Birnin Shizuoka gari ne na masu aikin katako, kuma daga nan Tamiya da Hasegawa suka fito. Tamiya ma da injin tsaga katako ya fara a 1946, sai wajen 1960 ya koma roba. Abin da suka kawo shi ne daidaito: gutsure ya shiga gurbinsa ba tare da an yi kokawa da shi ba, layukan jikin jirgi a tsage ciki maimakon a tudu. Wanda ya saba cike gibi da foti, ranar da ya fara haɗa kwalin Japan sai ya ga ashe wahalar da ya ɗauka ɗabi'ar sana'a ce, ba ita ba ce.

Daga nan kasuwar yara ta fara zamewa. Tashin farashin man fetur a shekarun 1970 ya taɓa roba, wasannin kwamfuta suka janye yara, Airfix ya karye a 1981. Ya yi ta sauya iyayen gida, ya zauna a hannun Humbrol mai 'yan gwangwanayen fenti daga 1986, har Hornby ya saye su duka a 2006. Yau a Ingila ake zana kayansa, a zuba mafi yawansu a Indiya. Amma yaran Asabar ɗin nan ba su ɓace ba, girma suka yi, suka dawo da kuɗi a aljihu da tabarau a hanci. Ƙungiyarsu, IPMS, da aka kafa a Ingila a 1963, tana taro duk Nuwamba a Telford, mutane daga ƙasashe da dama. Don su ne kamfanonin Cek irin su Eduard ke yin bel ɗin kujerar matuƙi da tagulla mai kaurin takarda, don su ne masu zane ke zuwa gidajen tarihi suna auna jirgin gaske da hasken leza. Za ka ga dattawa biyu sun shafe awa suna musu a kan wane kore ne aka shafa wa cikin wani jirgi a 1943. Akwai ban dariya a ciki, amma wannan musun ya sa an tono takardun masana'antu da hotunan da masana tarihi ba su waiwaya ba.

A nan ne nake jin namu gibin. Sararin samaniyarmu na da tarihin da ya isa cika kanta guda. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano daga Masar. A yaƙin duniya akwai rundunar Spitfire ta 91 da aka laƙaba wa sunan Nijeriya. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964, ta yi yaƙin basasa da MiG-17 da Il-28 da L-29 Delfin, ɗaya ɓangaren kuma da 'yan ƙananan MFI-9 da Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin ya kawo a 1969. L-29 ɗin nan ma shi ne kwalin farko da kamfanin KP na Cekoslobakiya ya fitar wajen 1970. Daga baya ga MiG-21, ga Jaguar, ga Alpha Jet, ga Super Tucano da JF-17 da suka iso a 2021. Kusan dukkansu akwai robarsu a kasuwa, amma da wuya ka buɗe kwali ka tarar da tambarin kore-fari-kore. Sai ka nemi 'yan ƙananan kamfanonin da ke buga tambura daban, ko ka yanka takarda ka fesa da kanka. Ba ƙiyayya ba ce, lissafin nan ne na ƙarfen zubi: inda masu saye suke, can tarihi ke karkata.

Sai dai lissafin ya fara sauyawa. Injin da ke gina abu daga zanen kwamfuta, sashi bisa sashi, ya sa mutum ɗaya a ɗakinsa na iya fitar da gutsuren da a da sai an kashe dukiya, kuma buga tambura bai fi ƙarfin madaba'a mai kyau ba. Abin da inji ba zai samar ba shi ne sanin: wace lamba ce a wutsiyar jirgin, wane launi ne a cikinsa, a wane fili ya kwana, wa ya tuƙa shi. Wannan sanin yana cikin tsoffin hotunan da ke akwatunan iyalai a Kaduna da Kano da Makurɗi, da kuma kawunan tsoffin makanikai da matuƙan da suka yi ritaya, waɗanda kullum raguwa suke yi. Yaron da ya iya fere kara ya yi mota mai tayoyi da ƙofa ba hannu ya rasa ba. In har ana so a ga jiragenmu a kan tebur yadda suke a zahiri, aikin farko ba na gam da fenti ba ne, na zuwa gaida waɗannan dattawa ne da littafi da biro, tun suna nan.